Shinkafar Suwaiba da Ruwan Bagaruwa

Suwaiba tana da shekara takwas lokacin da iyayenta suka gangaro daga arewa, a shekarar da fari ya cinye dabbobi, alif ɗari tara da tamanin da huɗu. Ubanta Intalla ya baro makiyaya da raƙuma goma sha ɗaya da garken awaki, ya iso bakin Dakoro da jaki guda da matarsa Mariama da yara biyu, Suwaiba da ƙanenta Saminu wanda ake goye da shi. Mai garin wani ƙauye da ke kudu da Dakoro, tafiyar awa ɗaya a amalanke, ya nuna masu fili a gefen gari, suka kafa bukka.

Intalla bai iya noma ba, kuma bai taɓa sonsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da ya riƙe gidan shi ne hannun Mariama, don ta iya jima. A shekarun nan fata ba ta da wuya, ko'ina ka duba dabba ce kwance. Intalla ya feɗe ya kawo, ita kuma ta jiƙa a ruwan toka har gashi ya saki, ta kankare, ta wanke, sannan ta tsoma cikin ruwan bagaruwa. Aikin Suwaiba shi ne tsintar bagaruwa a gindin itatuwa da dakanta a turmi. Kafin ta kai goma sha biyu tana iya sa yatsa a kwatarniya ta ɗanɗana, ta ce ruwan ya yi ko bai yi ba. Salkar da ta fito daga gidansu sai ta shekara biyar tana ɗaukar ruwa ba ta yi wari ba, shi ya sa makiyaya ke nemansu ranar kasuwa.

Tana kusan shekara ashirin ta auri Rabo, wani mai fara'a da ke bin motocin shanu zuwa kudu. Ita ta ce tana sonsa, Intalla ya yi ƴan gunaguninsa na kwana biyu ya haƙura. Bin mota ya kai Rabo Gaya, ya ga ruwan kogi da koren shinkafa, ya ce shi ya gama yawo. Can suka zauna shekara ashirin, suka haifi uku. Rabo yana aiki a gonakin mutane, daga baya ya sami ɗan fili yana noma nasa. Suwaiba ta ajiye jima ta shiga laka. Ta koyi rainon iri, ta koyi dashe tana tafiya da baya, ta koyi gane shinkafar da ke jin ƙishi da wadda ruwa ya yi wa yawa tun daga nesa.

Ciwon ciki na kwana tara ya ɗauke Rabo. Yaran duk sun kama gabansu, mata biyu a ɗakunansu, namijin yana gyaran babur a Yamai. Suwaiba ta gama takaba ta ce gida za ta koma. Cikin kayanta akwai tiya uku ta irin shinkafa a ƙunshe cikin tsohon zane, daga girbin Rabo na ƙarshe, iri mai nuna a wata uku da ƴan kwanaki. Ba ta ɗauko shi da niyyar shuka ba. Ta kasa barinsa ne kawai.

Ta tarar iyayen sun rasu, Saminu ya zama cikakken manomin gero da wake, mai rumbu biyu. Ya ba ta ɗaki a gidansa, ta sake kafa kwatarniyar jima a bayan danga. Damina ta farko da ta yi a gida, tana zuwa wankin fata a Tabkin Balbela, wani tabki da ke yamma da ƙauyen wanda ke cika a malka ya riƙe ruwa har farkon ɗari. A gefensa na gabas akwai wata shimfiɗar baƙar laka da ba mai taɓawa. Gero ba ya yi, wake ruɓewa yake. Suwaiba ta tsaya cikinta ruwa iya idon sawu, ta murza lakar a hannu, ta daɗe ba ta motsa ba.

Da ta faɗa wa Saminu, hura yake sha, sai da ya ajiye ludayin.

“Yaya, shinkafa a Dakoro? Nan da muke roƙon Allah ruwan da gero zai nuna?”

“Ba a tudu na ce ba. A lakar ga ta bakin tabki.”

“Mutane za su ce baƙin ciki ya taɓa ki.”

“Su ce. Kai dai raka ni wurin mai gari.”

Mai gari bai ga abin hanawa ba, amma ya ce tabkin ba nasa ba ne shi kaɗai, a kira Nagoggo. Nagoggo shi ne dattijon makiyayan da ke shayar da shanu a wurin, dogo, mai ƙarancin magana, kuma ya san Intalla. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce abu biyu yake so. Na farko, kada a tare hanyar da shanu ke bi su sha ruwa. Na biyu, kada a zuba wa tabkin komai na kwalba ko na leda, don shanunsa na sha, yaran rugga na sha. Suwaiba ta ce ta yarda. Aka yi fatiha.

Shekarar farko fangali shida ta yi, ƴan filaye masu kunya kewaye don riƙe ruwa, ta sami buhu biyu da rabi. Mutane har daga ƙauyukan gefe suka riƙa zuwa kallo, wasu ba su taɓa ganin shinkafa a tsaye ba sai a buhu. Ta turara, ta surfa, ta dafa da wake ta aika gida-gida. Maƙwabciyarta Mata, wata gajeruwar mace mai tuyar ƙosai wadda bakinta ba ya hutawa, ita ce ta fara cewa a koya mata. Shekara ta uku su goma sha ɗaya ne a bakin tabkin, duk mata, kuma duk irin da suke shukawa jikan na cikin tsohon zanen nan ne.

A damina ta huɗu Mata ta kira ta ta nuna mata wani ganye. Ɗigo-ɗigo ne masu ruwan ƙasa, kamar an watsa ƙwayar riɗi, kowanne da ɗan fari a tsakiya. Suwaiba ta taɓa ganin irinsa a Gaya, amma can masu gona ke sayo magani, ita nata dashe ne da cire ciyawa. Suka ce wataƙila ya wuce. Bai wuce ba. A shekara ta biyar tun a wurin raino wasu tsiron suka bushe, waɗanda suka rayu ganyensu ya cika da tabo, da aka zo kaka zangarniya ta fito da baƙin ido, rabi holoƙo. Wadda ta saba samun buhu uku ta tashi da ɗaya, shi ma in an surfa sai ya farfashe. Mata huɗu suka ce sun bari. Wata ta ce baki ne, wata ta ce ƙasar ce ta gaji da baƙon abu.

Suwaiba ta tsinki zangarniya biyar ta ƙulle a gefen mayafi, ranar kasuwa ta shiga amalanken Saminu zuwa gidan gona na Dakoro. A can aka haɗa ta da Mansura, wata matashiya ƴar gidan fataken hatsi na Maraɗi, wadda ta karanta ilimin tsirrai aka turo ta aiki bai fi shekara ba. Mansura ta juya zangarniyar a hannu tana mamaki.

“Inna, daga ina kika kawo wannan?”

“Daga gonata.”

“A Gaya?”

“A nan, ɗiyata. Bayan garinmu.”

Kwana uku bayan haka sai ga Mansura a kan babur, laka har gwiwar wandonta. Ta zaga fangalan, ta tona ƙasa, ta rubuta a kaye, littafin rubutunta. Sannan ta nemi a ba ta ƙwayar iri daga wanda aka ajiye na baɗi. Ta shimfiɗa tsumma mai laima a kasko, ta jera ƙwayoyin, ta rufe da faifai, ta ce kada a buɗe sai ta dawo, a dai riƙa yayyafa ruwa ta gefe.

Da ta dawo bayan mako ta ɗaga faifan a gaban matan. Wasu ƙwayoyin sun tsira fari tas, amma da yawa wani baƙin gashi-gashi ya lulluɓe su.

“Kun ga wannan? Funfuna ce, ƴar uwar wadda ke fitowa a tuwon da ya kwana biyu. Tana zaune a jikin ɓawon iri. Kun shuka, ta tashi tare da shi. Tana kuma kwana a karan da kuke bari a gona. Ba baki ba ne, ba kuma ƙasa ce ta ƙi ku ba, sai dai ƙasar tana jin yunwa, shinkafa mai yunwa kuwa ita ciwon ga ya fi kamawa.”

Mata ta ce, “To Madam, maganin fa?”

Mansura ta ce akwai garin da ake cuɗa iri da shi, akwai kuma na feshi, ana samu a Maraɗi. Amma ta dubi tabkin, inda shanu ke tsaye cikin ruwa wata yarinya na cika tulu a gefensu, ta ce gaskiya ita ba za ta so a fesa shi a nan ba. Wasu matan suka ce a sayo kawai, wa zai sani. Suwaiba ta ce ita da bakinta ta yi alkawari gaban mai gari, in an kawo kwalba bakin tabkin nan to ba da ita ba. Aka watse ba daɗi.

Kaskon ya kwana a ɗakinta. Da safe ta ɗauka za ta zubar, sai warin ya bugi hancinta, ta tsaya. Ta san warin nan. Warin ɗanyar fata ne da aka manta a lungu cikin malka, wadda ke yin gashi baƙi da kore ta lalace. Ta shiga ta sauko da fatun da ke rataye. Waɗanda suka sha bagaruwa, wasu tun bara, ko ɗigo babu a jikinsu. Tun tana yarinya ta san haka, ba ta dai taɓa tambayar dalili ba. Ta zauna a bakin ƙofa da fata a cinya da kasko a gabanta har rana ta ɗaga.

Ba ta gaya wa Mansura ba, don tana jin kunyar a ce majemiya na koya wa mai takarda aiki. Mata kaɗai ta faɗa wa. Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa, ta dama ruwan bagaruwa mai kauri irin na jimar fatar sa, ta juye rabin irinta a ciki. Mata ta kawo nata duka, tiya biyu, ta ce in za a warke a warke tare. Suka bar shi kwana biyu cur. Irin ya fito jawur, gwanin kyau. Suka shuka a wurin raino suka jira.

Kwana biyar, ba komai. Kwana goma, ɗan tsiro nan, ɗan tsiro can, kamar gemun tsoho. Suwaiba ta tona ta ga ƙwayoyin sun yi tauri, ba funfuna ko kaɗan, amma ba rai. Ta jeme irin kamar yadda ake jeme fata.

Mata ta zo ta tsaya a kan kunyar fangali, hannu a ƙugu.

“Suwaiba, kin kashe mini iri.”

“Na kashe. Laifina ne.”

“Tiya biyu! Na hana yara ci a rani don in shuka.”

Suwaiba ta tashi daga bakin fangalin. Ta koma gida ta raba ragowar rabin nata biyu, ta ɗora kashi ɗaya a kai ta kai gidan Mata ta ajiye a bakin turmi. Mata ta karɓa, amma wata da watanni in sun haɗu a hanya gaisuwa ce kawai, mace mai surutun nan. Wannan ya fi mutuwar irin yi wa Suwaiba ciwo. Damanar kuma ciwon ya dawo kamar bara, matan tabki suka ragu zuwa biyar.

Labari ya kai kunnen Mansura, ta zo. Suwaiba ta zaci faɗa za ta sha, ta sunkuyar da kai tana ba da labari. Mansura ta katse ta.

“Inna, tsaya. Kin ce da kika tona ba funfuna a jikinsu?”

“Ko ɗaya. Amma mi amfanin gawa mai tsabta?”

Mansura ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce a lakwal, wato makaranta, sun karanta cewa akwai itatuwan da ruwansu ke hana funfuna yaɗuwa, an gwada bedi, an gwada tafarnuwa, kuma abin da ke sa bagaruwa ɗaure baki shi ne ke hana fata ruɓewa. Ta ce tunanin ba banza ba ne, awon ne ya ɓace. Kuma ba a gwaji da irin shekara guda, da ƙwaya ashirin ake yi.

Ranin nan gaba ɗaya bayan ɗakin Suwaiba ya koma wurin gwaji. Ta tattaro fasassun tukwane ta jera a inuwar danga. Kowane kasko ƙwaya ashirin a kan jiƙaƙƙen tsumma. Wani an jiƙa irinsa a ruwan rijiya zalla, don a san yadda abin yake in ba a yi komai ba. Sauran kuwa bagaruwa ce kala-kala, mai kauri, mai dama-dama, tsinkakkiya, wani na yini, wani na rabin yini. Suwaiba ba ta yi boko ba, don haka ta yi wa kowane kasko alama da gawayi, ta kuma riƙa ajiye tsakuwa a gabansa, fara ga wanda ya tsira, baƙa ga wanda ya yi funfuna. Mansura na zuwa duk mako biyu in ta sami man babur, ta kwafe a kaye. In ba ta samu ba sai ta kira wayar Saminu, shi kuma ya tsaya a kan kasaken yana ƙirga tsakuwa yana ƙorafin an mai da shi ɗan aike da furfurarsa.

Tafarnuwa ta yi aiki sosai, amma da suka duba yawan da za a buƙata suka bar ta, wa zai zuba cefanen wata guda a bokiti. Ganyen bedi shi kaɗai ya rage kaɗan. Wanda ya fi ba su mamaki shi ne tsinkakken ruwan bagaruwa, cikin gwangwanin tumatir ɗaya na dakakkiya a babban bokiti, a tace, a haɗa da ruwan dakakken ganyen bedi, a jiƙa iri daga asuba zuwa la'asar, a ɗauraye a shanya a inuwa. A kaskon ruwan rijiya, tara ko goma ke yin baƙi. A wannan, uku, wani lokaci huɗu, kuma kusan duka sun tsira. Suka maimaita sau huɗu. Sau ɗaya abin ya ƙi, ba su san dalili ba, Mansura ta rubuta shi yadda ya zo.

Wata safiya Suwaiba na duba kasake sai ta ji an ce daga bayan danga, “Wai su wane ne waɗannan da ake yi wa wanka kullum kamar jarirai?” Mata ce, da ƙosai a kwano. Ta shigo ta tsuguna, aka nuna mata tsakuwoyin, ta ƙirga da kanta sau biyu. Ta ce bana ma za ta kawo irinta, amma rabi, don ita ba a yi mata abu ɗaya sau biyu. Suka ci ƙosan tare.

Saura Nagoggo. Mansura ta ce ban da jiƙa iri, yana da kyau a yayyafa wa ganyen ruwan in tabo ya fara, kuma a kwashe kara daga gona bayan girbi, a kuma ciyar da ƙasar. Suwaiba ta ce ko ruwan rijiya za ta yayyafa sai ta tambayi mai shanu. Ta same shi da hantsi a gindin wani gawo yana tufkar igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye ƙwarya a gabansa.

“Baba, ga abin da nake so in zuba wa shinkafa. Na ce sai ka gani.”

Ya leƙa, ya sunsuna. “Mi ke ciki, ɗiyar Intalla?”

“Bagaruwa da ganyen bedi. Ba wani abu.”

Ya sa yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska don ɗaci, ya tofar. Ya sake leƙa ƙwaryar.

“Bagaruwa awakina ke ci a rani. Uwata da ita take wanke mana baki in ya yi miki. Wanga ba na kwalba ba ne. Amma ki yayyafa a ganye, kada ki juye a ruwa.”

Ta ce to. Sannan ta kawo maganar kara, cewa suna so a kwashe shi nesa da tabki da zarar an yi girbi. A nan ne idon tsohon ya buɗe. Ya ce in kara ne ya dame su, yana da bakuna sittin na shanu da za su raba su da shi. Suka shirya: yaransa su kwashe karan zuwa rugga, shi kuma in ruwa ya janye ya kwantar da shanu a kan lakar kwana ashirin su bar taki. Matan kuma suka riƙa tara tokar murhu suna watsawa.

Damanar da ta biyo, matan biyar suka jiƙa iri a gidan Suwaiba rana ɗaya. Mansura ta nace kowace ta bar fangali ɗaya da irin da ba a jiƙa ba, a kafa masa kara da jan ƙyalle. Mata ta ce wannan ai ganganci ne, a bar wa ciwo abinci da gangan, amma ta yi. Suka yi dashe da ɗan tazara fiye da da, don iska ta riƙa ratsawa. Da malka ta kankama tabon ya fito, bai fasa ba. Ba su da famfon feshi, sai suka riƙa tsoma tsintsiya a bokiti suna yarfawa a kan ganye da sanyin safiya, duk kwana goma.

Tun kafin kaka bambancin ya fito, ko Saminu da ke wucewa zuwa gonarsa ya gani. Fangalan jan ƙyalle sun yi ja-ja kamar wuta ta lasa, na gefensu kore da ɗan tabo jefi-jefi. Da aka yi bugu aka auna, Suwaiba ta sami buhu uku da ƴan tiyoyi a inda bara ta sami ɗaya. Bai kai shekarar farko ba in aka duba yawan fangalan, amma ƙwayar ta cika, ta yi nauyi a hannu. Mata ta ɗebi tafi guda ta riƙa zagaya masussuka tana nuna wa duk wanda ya tsaya, tana cewa ita dama ta san abin zai yi.

Mansura ba ta yarda a yi ta guɗa da wuri ba. Ta ce abubuwa huɗu aka canza a shekara ɗaya, iri, taki, tazara da yayyafi, ba wanda zai iya rantsuwa wanne ya fi aiki, kuma damina ɗaya ba ta isa shaida ba. Duk da haka ta ɗura ruwan a kwalabe biyu ta aika wa wata abokiyar karatunta da ke aiki a ɗakin bincike a Maraɗi. Bayan wata biyu ta zo da hoto a waya: faranti biyu na gilas, ɗaya funfuna ta cika shi baki da baki, ɗaya ta tsaya a tsakiya kamar kwabo.

“Ba ta mutu ba, Inna, kin gani. An dai taka mata birki.”

Suwaiba ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kawo kusa da ido, ta nisantar. Ta ce a sake nuna mata na farkon. Sannan ta tambaya ko an rubuta sunan wa ya haɗa ruwan. Mansura ta ce an rubuta, Suwaiba Intalla, Dakoro. Ta miƙa wayar, ta ja bakin mayafi ta goge fuska, ta ce rana ce ta shiga idonta.

Shekarar da ta biyo ruwa ya yi yawa, tabkin ya tumbatsa ya shanye fangalan ƙasa gaba ɗaya, ba ciwo ba magani, sai na sama aka girba. Matan ba su watse ba. Yanzu su bakwai ne, biyu daga cikin waɗanda suka bari sun dawo, kuma wasu mata daga wajen Korahane masu irin wannan laka sun zo sau biyu a amalanke suna tambaya. Suwaiba ba ta ɓoye masu komai, har da labarin irin da ta jeme, shi take fara ba su ma. An mayar da Mansura Maraɗi, amma takan kira, kuma ta bar kayen a hannun Saminu.

Suwaiba ta kusa hamsin yanzu. Gwiwa ta fara damunta, dashe na yini ɗaya sai ta kwana biyu tana jinsa. Jima kuwa ba ta bari ba, duk kasuwar Dakoro tana kai salka biyu ko uku.

Bana da aka fara maganar shuka, ta sami Saminu yana gyaran iri a ƙofar rumbu. Ta ce ta lura geronsa na gonar arewa yana yin kuturta, zangarniya ta fito da ganye-ganye maimakon ƙwaya, kuma ta tambayi Mansura ta ce wannan wani ciwo ne daban, mai zama a ƙasa, ba ta da tabbacin bagaruwa za ta taɓa shi, amma ba laifi a gwada.

“Yaya, gerona ba abin wasa ba ne. Shi muke ci.”

“Kunya goma kawai.”

“Biyu.”

“Biyar. Sai na gwada a kasko tukuna, in ya ƙi tsira ba zan kusanci gonarka ba.”

Saminu ya yi ta sheƙe irin a faifai. Can ya ɗebi cikin tafi ɗaya ya zuba mata a gefen zane.

“Uku. Na can ƙarshe, kusa da aduwa, inda ba mai gani.”

Ta ƙulle gefen zanen, ta nufi bayan ɗaki neman kaskon da bai fashe ba.